Matambayi Ba Ya Ɓata: Na sayar da bajimai na karantar da likita, shi kuma talabijin yake so

Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙu sun taru wannan karon amma guda ɗaya ce ta cinye mana rabin filin, don tunda na karanta ta na kasa wuce ta. Wani dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, jikansa ya rubuta masa a waya. Masu tambayar taki da kuɗin makaranta ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam mai fili, bayan gaisuwa. Ni manomi ne ina kuma ɗan taɓa kiwo, garinmu ba nisa da Maigatari. Ɗana na uku shi Allah ya ba wa karatu, ya yi shekara shida a Zariya yana karatun likitan dabbobi, banda wadda yajin aiki ya ci. Shekarar da zai gama sai da na kai bajimaina na huɗa guda biyu kara ranar Alhamis, daminar nan da shanun aro na yi huɗa. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida, mutanen gari har sun saba kiransa Dakta, akuya ta kasa haihuwa sai a buga mana ƙofa da tsakar dare. To yanzu ya zo min da wata magana wai shi gidan talabijin yake so ya shiga ya dinga gabatar da shiri akan dabbobi, kuma wai zai rubuta littafi. Ya nuna min wani tsohon Bature a waya ya zura hannu a bayan saniya ana ɗaukarsa hoto, wai shi ma likita ne kuma duniya ta san shi. Babarsa ta ce ai wannan wasan kwaikwayo ne. Ni dai ban ce masa komai ba tukuna. Shin da gaske akwai irin wannan sana'ar? Kuma in na bar shi ban yi asarar bajimaina ba?

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, Allah ya mayar da bajiman nan da garke guda. Ka yi dabara da ba ka ce masa komai ba, don da ka yanke masa a'a tun ranar, da yanzu yaron yana Kano yana kwana a ɗakin abokinsa yana yawon gidajen talabijin da takardunsa a leda.

Bari in fara da Baturen. Yadda ka kwatanta shi, tsoho, hannu a bayan saniya, ai Dakta Jan Pol ne. Ka faɗa wa Hajiya ba wasan kwaikwayo ba ne, saniyar ta gaske ce, kashin da ke hannunsa ma na gaske ne, lalubo mahaifa yake yi ta dubura don ya san ko tana da ciki da kuma wata nawa ne, ɗanka ma an koya masa wannan a Zariya. Mutumin Holan ne asalinsa, an haife shi 1942, a gonar shanun madara ya tashi, ya gama karatun likitan dabbobi a jami'ar Utrecht a 1970, ya koma Amurka jihar Mishigan ya yi wajen shekara goma yana aiki a ƙarƙashin wani likitan, sannan a 1981 shi da matarsa suka buɗe nasu asibitin a wani ɗan ƙauye. To shirin nan da ɗanka ya nuna maka sai 2011 aka fara shi a tashar Nat Geo Wild, kuma ɗansa ne ya kawo shawarar a ɗauki tsohon yana aiki. Baba ka yi lissafi da kanka, daga 1970 zuwa 2011 shekara 41 kenan, mutumin yana da shekara 69 sannan kyamara ta fara binsa. Wannan lissafin nake so ka ajiye a aljihu, da shi za ka zauna da ɗanka.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya buɗe wannan ƙofar gaba ɗaya wani likitan ƙauye ne a Ingila, sunansa na gaskiya Alf Wight amma duniya da James Herriot ta san shi. An haife shi 1916, ya gama makarantar likitan dabbobi ta Gilasgo a 1939, daga 1940 ya zauna a wani ƙaramin gari Thirsk a yankin Yorkshire yana bin gonaki cikin sanyi, karɓar haihuwar shanu da tumaki, irin dai buga ƙofar tsakar daren da ake muku. Littafinsa na farko sai 1970 ya fito, ya haura hamsin lokacin. Sunan aron ma ba don gayu ya ɗauka ba, dokar sana'arsu a lokacin ta hana likita tallata kansa, shine ya ari sunan wani mai tsaron gida ɗan ƙwallo da ya gani yana wasa. BBC ta mayar da littattafansa shirin talabijin a 1978, shi bai fito ba, 'yan wasa ne suka fito a matsayinsa, kuɗi ya shigo masa sosai, amma abin da ya fi burge ni shine mutumin bai rufe asibiti ba, ya ci gaba da sa dogon takalminsa na roba yana shiga turken mutane shekara da shekaru bayan ya yi suna. Ya rasu 1995, gidan da ya yi aikin yanzu gidan tarihi ne mutane na biyan kuɗi su shiga.

Akwai David Taylor, shi ma a Gilasgo ya gama a 1956, shi kuma namun daji ya bi, giwa da zaki da na ruwa a gidajen zu, ya rubuta labarin aikinsa a littattafai, BBC ta yi shiri akai daga 1984, shi kansa kuma yana fitowa a shirin yara yana nuna musu dabbobi. Kusan shekara talatin kenan tsakanin gama makaranta da wancan shirin. Gaskiya akwai wanda hanyarsa ta fi gajarta, Chris Brown na ƙasar Ostareliya, an haife shi 1978, babansa ma likitan dabbobi ne, shirinsa Bondi Vet ya fara 2009 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, daga baya ma ya shiga gabatar da shirye-shiryen nishaɗi waɗanda ba ruwansu da asibiti. Irin wannan ɗanka zai kawo maka hujja da shi, to ka ce masa eh an ji, amma can ƙasa ce da mutum zai kashe wa karensa kuɗin da ya fi na bajimanka biyu, kamfanonin abincin kare da mage suna rububin saka talla. Mu nan waye zai biya?

Af, tunda ana maganar mutanen Gilasgo, Sir Dawda Jawara na Gambiya ai likitan dabbobi ne, can ya yi karatu, ya dawo yana bin ƙauyuka yana wa shanu rigakafi, daga nan makiyaya da manoma suka san shi, ya zo ya shugabanci ƙasar har 1994. Kaga shi ma turke ne ya kai shi inda ya kai. Ba cewa nake ɗanka zai yi gwamna ba fa.

To amsar tambayarka ta farko, eh akwai sana'ar, ba shirme ba ce. Amma ni abin da na gani a duk waɗannan mutanen, ba iya magana ce ta sa ake kallonsu ba, Dakta Pol ma Turancinsa da harshen Holan a ciki. Ana kallonsu ne saboda sun san abin, hannunsu ya san abin, in saniya ta juyo za ta yi harbi sun riga sun matsa tun kafin ta ɗaga ƙafa.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a gabana. Shekarun baya na taɓa riƙe wani shirin noma da kiwo a wani gidan rediyo, muna buɗe layi masu sauraro su kira. Wani sati muka gayyato wani matashin likita sabon gamawa, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya zo da takardu cike da jaka. Wani bawan Allah ya kira daga wajen Hadeja, ana jin kukan shanu a bayansa, ya ce karsanarsa tana ramewa duk da tana ci, kuma ƙasan haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Yaron nan ya fara jero sunayen cututtuka da Turanci, ya ce a kai jini da kashi ɗakin gwaji, mutumin ya yi shiru ya ce to, ya kashe wayarsa. Kuɗin katinsa ya tafi a banza. Sati biyu bayan nan muka kawo wani tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, irin masu keken nan da akwatin allura a baya, aka yi sa'a irin tambayar ta sake zuwa. Tsohon bai buɗe takarda ko ɗaya ba, ya ce Malam a ina take kiwo, tudu ko fadama? Ya ce fadama. Ya ce ruwan da take sha mai gudu ne ko kwantacce, akwai 'yan ƙananan dodon koɗi a bakin ruwan? Ya ce sosai ma. Ya ce ɗaga fatar idonta ka gani ja ne ko fari? Muna ji mutumin ya kira yaronsa ya riƙe masa waya, ya dawo ya ce fari fat. Tsohon ya ce alamun tsutsar hanta ne wannan, amma ni ban ganta ba, ka kai ta wajen malamin dabbobi na kusa da kai gobe ya duba ya auna mata magani daidai nauyinta, kada ka sayi na kan tebur a kasuwa ka yi mata da ka. Ranar layinmu har muka rufe shiri bai huta ba. Matashin ya fi tsohon karatu nesa ba kusa ba, amma bai taɓa tsayawa a fadamar Hadeja da rani ya ga inda shanun ke sa baki ba, shi ya sa bai san me zai tambaya ba.

Kuma Baba ka lura rediyo na ce. Ɗanka talabijin yake hange saboda ita ya gani a waya, amma mai saniyar da yake so ya yi wa magana yana ruga ko yana bayan gari da rediyo rataye a kafaɗa ko 'yar ƙaramar waya mai kama tasha, ina ya ga wutar kallon talabijin? Akwai ARTV a Kano, akwai Arewa24 tun 2014, ba laifi ya yi burinsu, amma wanda zai fara, ga Rediyo Jigawa, ga Freedom da ke Dutse da Kano, ga Rediyon Tarayya na Kaduna da makiyaya suka daɗe suna saurare. A Samaru ma inda ya yi karatu akwai cibiyar faɗakar da manoma ta jami'ar, aikinsu kenan shekara da shekaru, shirya bayanin noma da kiwo a rediyo da 'yan ƙananan littattafai, ina mamaki in bai taɓa leƙa su ba.

Ni fa a ganina maganar da likita zai yi a rediyo ita ma aikin likita ce, ba barin sana'a ba ne. Duba bushiya, annobar shanun nan. Dattawa irinku sun tuna yadda ta share garkuna a 1983, mutum ya kwana da shanu ɗari ya tashi da sanda. Cibiyar Vom da ke Filato tana nan tun 1924 tana yin allurar rigakafi, tun 1962 aka fara babban gangamin yi wa shanu allurar bushiya a ƙasashen tafkin Chadi, amma allura tana cikin sanyi a kwalba ba ta da amfani sai Bafulatani ya yarda ya koro shanunsa, kuma a da da yawa gudu suke don suna zaton ƙidayar jangali ce. Baki ne ya yi wannan aikin, lallashi da bayani da sa sarakuna da arɗo-arɗo a gaba, har aka kai 2011 aka sanar an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya.

Yanzu ma abin faɗa ya yi yawa, mai faɗa ne babu. Kowace shekara sai an yi asarar dabbobi a gyauron dawa, ɗanyen tohon nan yana da guba musamman in ya sha fari, akuya ta ci ta faɗi tana haki kafin a nemo wuƙa ta tafi. Ga leda. Bara wani maƙocinmu a ƙauye ya turke rago tun watan azumi, dusa, kowa, harawa, ba abin da bai ba shi ba, rago ciki ƙato amma ƙashin baya a waje, ya yi ta ɗura masa maganin tsutsa. Ranar layya da aka farke tumbi na tsaya a wajen, abin da aka zaro dunƙule ne baƙi ƙirin ya kai girman tulun yara, ledar ruwa da ta cefane da igiyar buhu duk sun murɗe sun zama abu ɗaya, sai da aka sa wuƙa biyu. Tun yana ɗan tunkiya yake yawo a bola. Ga masu ɗirka wa shanu allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake kira LA ko wacce irin cuta ce, safiya ta yi a tatsi nonon a kai kasuwa, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama, ba mai karantawa don da Turanci ne kuma ƙanana. Ga cizon mahaukacin kare, mutane nawa suka san cewa abin farko shine a wanke wajen da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15 sannan a ruga asibiti a fara allura, ba a jira a ga alama ba, don in alama ta fito an makara? Ga dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, wadda bai kamata ko feɗe ta a yi ba, irin cutar da aka tabbatar a Suleja a 2023, mu kuma sai a ce yi maza yanka kafin ta mutu a raba wa maƙota. In ɗanka zai iya sa mutum dubu su gane ko ɗaya daga cikin waɗannan da Hausar da ake yi a kara, to ya ceci dabbobin da ba zai iya zagayawa da babur ya duba ba ko zai shekara goma.

Sai dai maganar kuɗi, kada a yaudare ka. Yawancin irin wannan shirin a wajenmu ba gidan rediyo ke biyanka ba, kai ke sayen fili ko ka nemo mai ɗaukar nauyi, kuma masu ɗaukar nauyin shirin dabbobi su waye in ba masu sayar da magani da abincin kaji ba? Ni shirin nawa abin da ya kashe shi kenan. Wani mai shagon magani da ke biya ya ce dole kowace amsa a ambaci wani garin maganinsa da wai yana maganin komai daga zawo har rashin haihuwa, likitan da muke kawowa ya ce shi ba zai sa lasisinsa a wuta ba, mai shago ya janye kuɗinsa, wata biyu aka ba wa masu tallan maganin basir filin. Littafi kuwa, wanda ya ce maka zai ci abinci da littafin farko a ƙasar nan bai taɓa bugawa ba.

Don haka in ni ne kai, zan kira shi bayan sallar isha'i, ba a gaban babarsa da ƙannensa ba, in ce na yarda amma da sharaɗi. Asibiti shi ne uwa, ko na gwamnati ya samu ko ya buɗe ɗan shagonsa kusa da kara, rajistarsa da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa kada ta mutu, ya dinga sabuntawa, kuma ya tambaye su ƙa'idarsu akan talla kafin ya buɗe baki a iska. Duk Alhamis ya kasance a Maigatari, can dabbobin Nijar da na gida ke haɗuwa, cutar da zai gani a wata ɗaya a wajen ta fi ta littafi. Ya koyi Fulatanci ko na gaisuwa da sunayen cuta ne, ya san me makiyayi ke nufi in ya ce sammore ko ɓoru ko bakkale ko kirci ko harbin daji. Ya sayi littafin rubutu mai kauri, duk dabbar da ya duba ya rubuta da daddare, me mai ita ya ce, me ya gani, me ya yi, ta tashi ko ta mutu, har waɗanda ya yi kuskure, musamman ma su, wannan shine littafin da yake mafarkin rubutawa, yanzu bai da abin zubawa a ciki. Wayar da ya nuna maka Baturen da ita ta isa ya fara, ƙaninsa ya riƙe masa, ya nemi izinin mai dabba, minti biyu akan leda, minti biyu akan gyauro, ya sa a Facebook da TikTok da WhatsApp. In ya iya, gidajen rediyon da kansu za su kira shi baƙo kyauta, kullum neman mai bayani suke.

Bajimanka kuwa ba su faɗi ba. Ranar da za su faɗi ita ce ranar da aka buga ƙofa da tsakar dare akuya ta kasa haihuwa ya ce a jira gari ya waye shi yana gyaran bidiyo. In ka ga haka sai ka sake rubuto min.

TAMBAYA: Yaya mai fili, ni ɗaliba ce ina karanta lafiyar dabbobi a kwalejin noma ta Dambatta, gidanmu wani ƙauye ne bayan Wudil. In na je hutu matan unguwa suna kirana in duba musu awaki da kaji, ni kuma sai in rubuta labarin abin da ya faru in tura wa ƙawayena, suna ta dariya suna cewa in yi littafi. Da Turanci zan yi ko da Hausa? Kuma gwaggona ta ce in na sake na sa labarin akuyarta sai ta ci min mutunci.

AMSA: Ƙanwata, Hausa mana, har kin sa na ji haushi da tambayar. Waye zai karanta labarin akuyar gwaggo da Turanci? Masu Turancin suna da nasu tuli guda. Ke kina da abin da ɗan Baba Alhaji na sama ba shi da shi, kina shiga gidan da aka rubuta ba shiga. Shanu na maza ne amma awaki da tumakin gida da kaji ai yawanci na mata ne, su ne bankinsu, da su ake kayan ɗaki, da su ake suna, da su ake biyan asibiti, kuma likita namiji sai dai a fito masa da akuyar zaure, ba zai ga inda take kwana ba, ba zai ga kwanon da take sha tare da agwagi ba, ba zai ji hirar da ake yi a bakin murhu ba wadda a cikinta ake faɗin gaskiyar abin da aka ɗura mata kafin a kira shi. Ke duk kina gani kina ji.

Maganar gwaggo kuwa tana da gaskiya. Baturen nan Herriot da na ambata, har sunan garinsu ya canza a littafin, mutanen ma duk ya sauya musu suna, duk da haka wasu sun gane kansu. Ki canza suna, ki canza unguwa, akuya ja ki mayar da ita baƙa, in labarin zai kunyata mutum ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya ko ki bar shi gaba ɗaya, don ke za ki koma garin nan ki yi aure ko ki je biki, littafi ba zai raka ki ba. Kuma ki dinga sa naki kuskuren a ciki, mai karatu ya fi yarda da wanda ya yi wa kansa dariya.

Abin da zan roƙe ki, kowane labari ya ɗauko ilimi ɗaya ba tare da kin tsaya wa'azi ba. Misali yadda kaji ke ƙarewa duk hunturu, farin kashi, wuya ya murɗe, gida guda a share cikin sati, mata su yi ta jiƙa jan kafso da barkono a ruwa, alhali cutar ba ta da magani in ta kama, rigakafi ne kawai, kuma Vom suna yin wanda ake ɗigawa a ido mai ɗan jure zafi wanda ya dace da kajin gida. In kin ba da labarin matar da ta yi wa nata kafin sanyi ya shigo da kishiyarta da ta ce asarar kuɗi ne, kin gama, ba sai kin ƙara komai ba. Abu ɗaya kuma, ko ƙawaye sun kira ki Dakta kada ki rubuta shi a bangon littafi, takardar kwaleji daban, digirin likita daban, doka ta raba su. Ki samu likita mai rajista ya karanta miki duk inda kika ambaci magani kafin ki fitar. Ki fara da guda goma gajeru ki turo min biyu in gani.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne akwai likitan da ya sa wa mage ƙafar ƙarfe a talabijin? Mun yi musu a majalisa har da caca. Kuma in gaske ne, san kawuna ya karye a ƙafar baya, za a iya yi masa? Daga wani matashi a ƙasar Kazaure.

AMSA: Cacar dai ku bari, amma wanda ya ce gaske ne shi ya ci. Noel Fitzpatrick sunansa, ɗan manomi ne daga ƙasar Ailan, ya gama karatu a Dublin a 1990, asibitinsa yana Ingila. Magen, injin girbi ne ya datse mata ƙafafun baya a 2009, ya dasa mata ƙarfe a cikin ƙashi aka maƙala ƙafar roba a jiki, ta tashi tana tafiya. BBC ta nuna aikinsa a 2010, daga 2014 kuma yake da shirinsa The Supervet a tashar Channel 4, ya rubuta littattafai kuma har yanzu yana fiɗa.

San kawu kuma, ɗan'uwa, mage kilo nawa ce, sa kilo nawa ne? In maraƙi ne kuma karayar tana ƙasa, fata ba ta fashe ba, likita na iya ɗaure shi ya warke. In babban sa ne kuma a cinya ne, yawanci maganar ta mahauta ce. A kira likita yau ya duba, kuma kada a yi masa allura in dai yanka za a yi. Ka gaida kawun, ka ce masa kada ya bari sai san ya kwana huɗu a kwance ya zube, mahautan Kazaure ido gare su.